Gashin Ƙashi a Kwatano, Bashi a Sharabi

Jandarman da ke tsaron shingen farko bayan an wuce Tsamiya shi ne ya fara gaya mini gaskiya a tafiyar nan, kuma da dariya ya gaya mini ita. Ya karɓi takardar samun gurbin karatuna, ya juya ta gaba da baya, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka bushe da dariya. Sannan ya dube ni ya ce da gurguwar Hausa, "Kai ma dokta?"

Na ce, "In Allah ya yarda."

Ya ce, "Wannan sati dokta bakwai ya wuce nan. Kawo sefa dubu biyu."

Na biya ina zaginsa a zuci, ina cewa jahili ne mai hassada. Yau in na zauna na duba duk waɗanda suka karɓi kuɗina a ƙasar Benin, shi kaɗai ne ya ba ni abin da ya kai kuɗin.

Sunana Sahabi, mutumin Sharabi ne ni, a ƙasar Bagudo. Mahaifina ya rasu ina aji biyu a sakandare, yayan mahaifiyata, Kawu Arzika, ya riƙe ni. Manomin shinkafa ne da albasa, mutum ne da in ya sayi gishiri sai ya tambayi wanda ya saya jiya nawa ya biya. Na rubuta jarrabawar shiga jami'a sau uku ban samu ba, na koma tsaron wani kemis a Bagudo. A nan wani mai suna Haliru ya tsince ni. Yana sa tabarau, yana riƙe jaka, yana kiran kansa wakilin wata jami'a a Kwatano. Ya nuna mini hoton gini mai hawa shida da furanni a ƙofarsa, ya ce a can ake karatun gashin ƙashi, wato gyaran jikin wanda ya shanye ko ya karye har gaɓarsa ta sandare. Ya ce shekara uku ne kacal, babu yajin aiki, babu jarrabawar shiga.

Ni na kai shi gun Kawu da ƙafata. Ina tuna zamansu a ƙarƙashin rumfa, Kawu yana ɓare gyaɗa, Haliru yana danne-dannen waya.

Kawu ya ce, "To in ya ƙare, nawa za a ba shi ga wata?"

Haliru ya ce, "Baba, ƙasar Larabawa neman su akai ido rufe. 'Yan ƙwallo kaɗai sun ishe shi arziki. Wata takwas ya biya duk abin da anka kashe, na tara ya kai ka Makka."

Babu wanda ya tambaye shi ko ya taɓa ganin mutum ɗaya da hakan ta faru da shi. Ni da nake taƙama na yi boko ma ban tambaya ba. Kawu ya jinginar da gonarsa ta fadama ga wani Alhaji mai sayen shinkafa a Bagudo, bisa sharaɗin Alhaji zai ci gaba da noma ta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Da ya miƙo mini kuɗin ya riƙe hannuna ya ce, "Wanga rance ne, Sahabi, ba kyauta ba. Ɗiyana goma sha ɗaya, kuma gonar ga ita ad dukiyarsu."

Daga Segbana zuwa Kandi mu tara aka cusa a motar mutum biyar, har da buhunan gawayi a bayanmu. A Kandi ɗan canji ya ƙirga mini sefa da saurin da idona bai iya bi ba, sai da muka kai Paraku na gane ya zare guda biyu daga tsakiya. A Paraku motarmu ta lalace muka yini a bakin hanya. Wata tsohuwa Badandiya da ke kusa da ni ta ga ina ta kallon hannunta, ta karya doyarta biyu ta miƙo mini rabi da yaji a takarda. Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Dandancina bai wuce gaisuwa ba. Haka muka ci, daga baya ta sauka a wani gari ban ko san sunanta ba.

Ginin nan mai hawa shida yana nan a Kwatano, na gan shi da idona. Otal ne. Jami'armu tana bayansa, a saman wani shagon sayar da tayil, ɗaki biyar da baranda. Ɗakin da suke kira ɗakin gwaji yana da ƙwarangwal ɗin roba guda ɗaya wanda babu hannun hagu, da fitilar gasa jiki wadda tun da na je har na baro ban ga ta kama ba. Malamin da ke koya mana sassan jikin ɗan Adam shi ne ke koya wa 'yan ɗakin kusa da mu dabarun kasuwanci, da yamma kuma yana da teburin sayar da wayoyi a bakin titi. Karatunsa shi ne ya buɗe waya ya karanta mana, mu rubuta. Ran da na tambaye shi wace jijiya ce ke ɗaga tafin ƙafa, sai ya ce tambaya ce mai kyau, in bincika in kawo wa aji amsa.

Abu ɗaya da makarantar nan ta ƙware a kai shi ne ƙirƙiro sunan kuɗi. Kuɗin ɗakin gwaji, kuɗin farar riga, kuɗin katin shaida, kuɗin sabunta katin shaida. Kuma duk da sefa ake biya. Shekarar da na je, in na canza naira sai in ji aljihuna ya yi nauyi. Kafin shekara ta biyu ta ƙare naira ta zube, abin da Kawu ya aiko na zango guda bai kai rabin zango ba. Mu ɗari da wani abu ne a rajistar ajinmu, amma masu zuwa ba mu kai ashirin ba. Sauran 'ya'yan masu hali ne, suna Legas da Kano da Abuja suna harkokinsu, sai lokacin jarrabawa su zo da turare da sababbin takalma, su ga mai karɓar kuɗi, su koma. Sakamakonsu ya fi namu kyau.

Ɗakin da muke haya mu huɗu ne a ciki, kusa da Zango, unguwar Hausawa. Iskar garin gishiri ce da danshi, tufa ba ta bushewa, tabarma tana yin funfuna. In damina ta sauka ruwa har gwiwa a lungunmu. Na yi kewar abubuwan da ban taɓa zaton ana kewarsu ba: ƙamshin albasa in ana cirar ta, kifin kogin Kwara da aka banɗa, har da faɗan matan Kawu a kan turmi. Ranar Juma'a nakan tsaya a ƙofar masallacin Zango bayan an sallame, ba don komai ba sai don in ji wani ya yi Hausa irin tamu.

A nan na haɗu da wani ɗan kabu-kabu mutumin Kamba, yana ɗingishi. Ya ce mota ce ta buge shi, kuma wata mata ce ke gasa masa gwiwa a wani ɗan asibiti. Na bi shi don in gani. Sunanta Madam Odil, 'yar Jugu ce, ta haura hamsin, gajera mai kaurin hannu, tana jin Hausar kasuwa. Da na ce mata ɗalibin gashin ƙashi ne ni a shekara ta biyu, sai ta nuna mini wani dattijo da ɓarin jikinsa ya shanye ta ce, "Tayar da shi zaune."

Na kama hannunsa mai ciwon na ja. Ta buge mini hannu da ƙarfin da sai da na ji har kafaɗa.

"Za ka cire masa kafaɗa! Wace makaranta ce taku?"

Na faɗa mata. Ta yi tsaki. Sannan ta ce in ina so in riƙa zuwa da rana ina share wuri ina wanke tawul, ita kuma za ta bar ni in kalla. Ba ta taɓa biyana ko sisi ba, ban kuma taɓa biyanta ba. Duk abin da na sani a sana'ar nan a ɗakinta na koya: yadda ake juya wanda ya shanye, yadda ake lanƙwasa gwiwar da ta daɗe a filasta a hankali har ta saki, yadda ake gane kukan da za a ci gaba da wanda za a tsaya. Wata shida dattijon nan ya yi kafin ya ɗaga cokali da kansa. Ran da ya ɗaga, matarsa ta yi guɗa, ni kuma na fita waje don kada a ga idona.

Ita ce ta sa ni yin lissafin da ya kamata in yi tun a ƙarƙashin rumfar Kawu. Wata rana muna cin gari da ƙuli a bayan asibitin ta tambaye ni wa ke biya mini makaranta. Na ba ta labari har da wata takwas ɗin Haliru. Ta yi dariya har ta ƙware.

Ta ce, "Shekara ashirin da shida ina aikin nan, da takarda ta gaskiya. Gidan haya nake. Ka taɓa ganin mota a ƙofar nan? Aikin yana da kyau, ɗana, amma ba a cin bashi a kansa. Masu ciwon nan talakawa ne, kuma ciwon ya riga ya cinye abin hannunsu kafin su iso gare ka."

Na ce ai a Najeriya dabam ne. Ta ce in nemi wanda ke yi a can in tambaya.

Na nema. Ta hannun mai kemis ɗin da na yi wa aiki na samu lambar wani Lawali, mutumin Argungu, wanda ya yi karatun a gida shekara biyar yana aiki a asibitin gwamnati. Ya saurare ni har na gama, sannan ya faɗa mini albashinsa. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, ya ƙara da cewa shekara biyu ya yi yana yawo kafin ya samu aikin, kuma in wata ya kai ashirin shi ma rance yake nema. Ya ce, "Kuma duk wannan sai kana da lasisi. Hukumarmu ta san da makarantarku kuwa?"

Na zauna da biro da takarda. Na ɗauka an ba ni lasisi, na ɗauka na samu aiki ranar da na sauka mota, na ɗauka ban yi aure ba, ban yi ciwo ba, na ware kashi ɗaya cikin huɗu na albashin Lawali duk wata ina bai wa Kawu. Lissafi ya ba ni shekara tara da 'yan watanni. Shekara tara Alhaji yana girbe fadamar Kawu. In kuma na ƙara kuɗin shekarar ƙarshe, sai a ƙara shekara uku a kai.

A nan ne ya kamata in ɗaure kayana. Duk wanda na raina a labarin nan, ban raina shi kamar yadda na raina kaina a wannan gaɓa ba. Na san gaskiya, tana rubuce da hannuna, amma na tuna yadda ake kirana likita in na je hutu, yadda tsofaffi ke miƙo mini hannu in auna su, sai na ninke takardar na sa a aljihu. Na kira Kawu na ce masa saura shekara ɗaya, komai na tafiya daidai, sai dai kuɗi sun ƙaru.

Ya ce, "Babu komi. Abin da anka fara a ƙare shi."

Ya sayar da shanun huɗarsa biyu da injin ban-ruwa.

Da na kai kuɗin, mai karɓar kuɗin makarantar ya ja ni gefe ya ce ya lura ni mai ƙoƙari ne, don haka zai taimake ni. In na ƙara wani abu a kai, ba sai na jira shekara ba, cikin sati shida takardata za ta fito da sakamako mai daraja ta ɗaya. Ya buɗe durowa ya nuna mini su a jere, da hatimi da jan zare, wurin suna kaɗai ne babu komai. Na tambaye shi ko akwai ta gashin ƙashi. Ya ce akwai ta kowane fanni, har ta tuƙin jirgi in ina so. Ban saya ba, kuma kada a ɗauka tsoron Allah ne ya hana ni. Kuɗin ne ba su kai ba.

Wata huɗu bayan nan labari ya zo cewa gwamnatinmu ta dakatar da karɓar takardun irin makarantun nan. Da safe muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofar bene. Mai shagon tayil ya ce tun jiya suka kwashe kujeru. Ta taga na hango ƙwarangwal ɗin nan a tsaye shi kaɗai, shi ma ba su ga amfanin ɗaukarsa ba. Lambar Haliru kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba.

Madam Odil ce ta cika mini kuɗin mota. Ta haɗa mini da jakar ruwan zafi ta roba da wani tsohon littafi na Faransanci mai hotunan gaɓoɓi. Ta ce, "Hannunka ya iya. Amma kada ka kira kanka abin da ba kai ba."

Na isa Sharabi da la'asar. Kawu ya riga ya ji a rediyo. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Ya ce, "Tambaya guda ni ka yi maka. Lokacin da kac ce in aiko kuɗɗin ƙarshe, ka san abin ga ko ba ka sani ba?"

Na so in ce ban sani ba, don ai ban san za a rufe makaranta ba. Amma na ce, "Na san ba ya biyan kansa, Kawu."

Ya ce, "To." Ya tashi ya shiga gida. Fiye da shekara bai sake ce mini komai ba ban da amsa gaisuwa. Daminar nan da fartanya ya yi noma a tudu, shi da 'ya'yansa, suna hangen shinkafar Alhaji tana kore a fadamarsu.

Na kama ɗaki a Bagudo kusa da tasha. Kafinta ya buga mini benci mai faɗi, na ɗinka 'yan buhunan rairayi, na rataya igiya a jikin azara. Ban sa allo ba, ban da ikon sawa. Mutane dai suka ji akwai mai tausa da ya yi karatu a waje, suka fara zuwa daga Kurgu da Matsinkai da rugagen Fulani. Naira dubu biyu nake karɓa a zama ɗaya, in an biya ke nan. Akwai wani mai kuɗi da ya shanye, 'ya'yansa sun kai wa wani mai magani sa guda don ya kori iskar da wai ta buge shi, amma ni sai da babbansu ya tsaya yana ciniki da ni kamar mai sayen tumatir. Wata biyar ina fama da tsohon har ya taka ya je masallaci da sanda. Sai suka yi walima suka ce maganin mutumin can ne ya yi aiki a hankali. Wani Bafulatani kuma da na miƙar wa ƙafa ya kawo mini zabi biyu da ƙwaryar nono, shi kam har cikin raina na gode masa. Duk ƙarshen wata nakan kai abin da na tara gidan Kawu in ba uwargidansa, ta karɓa ta ce Allah ya ƙara buɗi, da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya.

Rannan da hantsi ina shanya tawul sai na ga kabu-kabu ya tsaya, Kawu ya sauko da ƙyar yana riƙe da hannun dama. Kafaɗarsa ta sandare, ko hula ba ya iya ɗorawa. Noman fartanya ne ya ja masa, ni da shi duk mun sani, babu wanda ya faɗa. Ya shigo ya dubi bencin da igiyar da buhunan rairayi, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wanga shi ne asibitin?"

Na ce, "Shi ne, Kawu."

Ya cire riga ya kwanta. Na ɗora masa ruwan zafi, na fara motsa kafaɗar a hankali. Ya cije baki bai yi ƙara ba. Can ya ce, "Ba ni son aikin banza. Ka cire cikin bashin. Nawa kaka amsa?"

"Dubu biyu."

"Nawa ya rage?"

"Miliyan huɗu da dubu ɗari uku."

Na ga leɓunansa suna motsi, yatsun hannunsa mai lafiya suna taɓa benci ɗaya bayan ɗaya. Kawu bai yi boko ba, amma ban taɓa ganin ya ɓata lissafi ba.

Ya ce, "Ko kullum ni ka zuwa, har ranar Salla, shekara shidda ke nan."

Na ce, "Haka ne."

"Kuma Alhaji ba ya amsar tausa."

Na ɗaga hannun sama kaɗan, ya wuce inda ya tsaya da farko da kamar faɗin yatsa biyu. Ya juyo da kai ya dubi hannun nasa, sannan ya dube ni, karo na farko tun dawowata.

Ya ce, "Ashe dai ka iya, ɗan banza. Danna nan, ƙasa kaɗan."